ZAUREN IYALI: Kwana Nawa Ake Yi Ana Duba Gida Kafin A Biya Kuɗinsa?

  

Tambayar da za mu tattauna a wannan fitowa ta zo mana ne daga wani magidanci mai shago a kasuwar Mont-Bouët. Ya ce ya shekara goma sha huɗu yana biyan haya, yana tara abin da ya samu kaɗan-kaɗan, har Allah ya nufa dillali ya nuna masa wani gida mai ɗaki uku da falo a wajejen Nzeng-Ayong. Gidan ya kwanta masa a rai, farashin bai fi ƙarfinsa ba, sai dai dillalin ya ce akwai mutum uku da ke layi, kuma mai gidan ya ba shi zuwa ranar Litinin ya kawo rabin kuɗi, in ba haka ba a ba wani. Shi ne yake tambaya: awa nawa ya kamata mutum ya yi yana duba gida kafin ya ce ya saya, kuma wa ya kamata ya tafi da shi?

Gajeriyar amsa ita ce, duba ginin kansa aikin yini guda ne, duba unguwa aikin mako biyu ne, duba takardu kuwa ba ya kasa wata guda, wani lokaci ma ya zarce. Wanda ya ce maka daga Alhamis zuwa Litinin ya isa a gama duka ukun, to ko dai bai san Libreville ba, ko kuma ya san ta sosai yana fatan kai ne ba ka sani ba.

Bari mu fara da abin da malamanmu suka faɗa, domin mutane da yawa suna ɗauka wannan magana ta duba gida baƙuwa ce da ta zo daga Turai. Waɗanda suka zauna a gaban malami suka karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ko Mukhtasar na Shehu Khalil za su tuna da abin da ake kira cinikin zaɓi, wato a ƙulla ciniki bisa sharaɗin mai saye yana da wa'adin da zai gwada kayan ko ya yi shawara, in ya gamsu ya zartar, in bai gamsu ba ya janye ba tare da ya yi asarar komai ba. Mazhabar Hanafiyya da ta Shafi'iyya sun taƙaita wannan wa'adi ga kwana uku. Malikiyya kuwa, wadda ita ce muka tashi a cikinta, ta bambanta wa'adin gwargwadon kayan da ake saye: tufa da dabba 'yan kwanaki ne, amma gida wata guda ne, har masu sharhi suka ƙididdige shi kwana 36. Dalilin da suka bayar shi ne mai saye yana bukatar ya bincika bangon gidan da harsashinsa da wuraren amfaninsa, ya kuma san halin maƙwabtansa. Mutanen da suka rubuta wannan sun rayu ne a Madina da Ƙairawan da Misira, inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba, amma duk da haka suka ga wata guda ne daidai. To ina ga mu da muke zaune a garin da ake zuba ruwan da ya kusa milimita 2,900 a shekara, wato kusan ninki uku na abin da Kano ke samu, ninki biyar na abin da ke sauka a Maraɗi?

Akwai wani hukunci a cikin babin da ya shafi mai tambayarmu kai tsaye. A wurin Malikiyya bai halatta a sharɗanta biyan kuɗi a cikin kwanakin zaɓi ba, domin kuɗin ya zama abin da ba a san matsayinsa ba: in ciniki ya faɗa ya zama farashi, in ya warware ya zama rance da mai gida ya ci moriyarsa. Haka nan kafin alƙalami irin wanda ake cewa in ka fasa ya tafi ke nan, Imamu Malik bai yarda da shi ba. Hanbaliyya sun halatta shi, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi ra'ayinsu a zamanta na 1993 a Brunei, da sharaɗin a yanke wa'adi sananne. Ko wane ra'ayi mutum ya bi, babu malamin da ya ce ka ɗauki rabin dukiyarka ka danƙa wa wanda ba ka tabbatar gidan nasa ba ne. Wannan shi Bahaushe ke kira cinikin biri a sama.

A Amurka akwai masu sana'ar duba gida, ana biyansu su zo su yi awa biyu zuwa huɗu suna hawa rufi suna leƙa ƙarƙashin gini, bayan kwana ɗaya ko biyu su miƙa rahoto a rubuce. A Faransa doka ta ɗora wa mai sayarwa ya kawo takardun gwaji a kan wayoyin lantarki da gas da sauransu, kuma tun 2015 mai saye yana da kwana 10 na fasawa bayan ya sa hannu a yarjejeniyar farko. Daga wannan yarjejeniya zuwa sa hannu na ƙarshe a gaban notaire akan ɗauki kimanin wata uku. 'Ya'yanmu da ke karatu a can sukan ji ana cewa awa uku, sai su bugo waya su ce wa iyaye ai abin ba ya daɗewa. Awa ukun nan suna isa ne a ƙasar da tun kafin mai duba ya iso an riga an san iyakar filin, an san mai shi, an san inda ruwa ke bi. A nan kuwa waɗannan abubuwa uku su ne ainihin abin da za ka bincika, kuma babu wanda zai yi maka in ba ka tashi da kanka ba.

Zuwan farko, wanda dillali ke kai ka, kada ka lissafa shi cikin bincike. Gani ne kawai na ko gidan ya dace da iyalinka. Zuwa na biyu shi ne na aiki, kuma ka tafi da mutanenka, kada ka yarda da waɗanda dillali zai kawo: magini wanda ya daɗe yana aiki a garin nan, da mai gyaran lantarki, da mai gyaran famfo. Ka biya su ladan yininsu, ka ce su faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba. A fara da safe, domin a ga komai da hasken rana, kuma a ƙudurta cewa ba za a bar wurin ba sai bayan la'asar. In mai gida ya ce wani ɗaki a kulle yake mabuɗin yana hannun ɗansa da ya yi tafiya, a ɗage binciken har ɗan ya dawo.

Magini ya fara da sama. Iskar teku tana cin kwano a nan fiye da yadda mutumin da ya taso a Katsina ko Damagaram zai zata, kuma tsatsa tana farawa ne daga bakin ƙusoshi da inda kwano ya hau kan kwano. Ya buɗe silin ya shiga da tocila ya ga katakon da ke riƙe da rufin, ya soka masa tsinin ƙarfe. In ya nutse cikin sauƙi, gara ta riga ka shiga gidan. Okoumé itace ne mai daraja a kasuwar duniya, amma mai laushi ne, gara da danshi ba sa jin tausayinsa, saboda haka a tambayi irin itacen da aka yi rufin da shi. Daga nan a sauko kan bango. Sabon fenti a tsohon gida abin tuhuma ne, musamman in an shafa shi ne daga ƙasa zuwa gwiwa kawai. A shafa tafin hannu a ji ko da sanyin danshi, a janye kabad da gado a leƙa bayansu, a duba ƙasan ƙofofin katako ko sun kumbura sun ruɓe. Ruwan da ya taɓa shiga gida yakan bar zane a bango kamar an ja layi da mastara, kuma in an rufe shi a falo akan manta da shi a bayan gida ko cikin sito ko jikin katangar maƙwabci.

Tsagewar bango iri-iri ce. Siririya wadda ta tsaya a kan filasta ba ta da wata illa. Wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi karkace zuwa sama, har tsinken ashana na iya shiga, tana nuna ƙasa na motsi a ƙarƙashin harsashi. In an ga siminti ya fashe a jikin ginshiƙi, rodi ya leƙo ya yi ja, galibi an kwaɓa kankaren ne da yashin teku wanda ba a wanke gishirinsa ba, kuma wannan ciwo ne da ba ya tsayawa a ginshiƙi ɗaya. Malamanmu sun kasa aibin gida kashi uku: ƙarami wanda ba a waiwayarsa, matsakaici wanda ake rage kuɗi saboda shi, da babba, irin tsagewar da ake tsoron rushewa saboda ita, wanda ke ba mai saye damar mayar da gidan. Dokar ƙasa ma ta san ɓoyayyen aibi, shi ne Faransawa ke kira vice caché. Amma wanda ya taɓa zirga-zirgar kotu ya san neman hakki bayan an biya kuɗi doguwar tafiya ce, kuma mai sayarwa kan riga ya kashe kuɗin ko ya bar gari.

Mai lantarki ya bi waya daga cikin gida har zuwa inda mita take. Wannan ba wasa ba ne, domin a unguwanni da yawa za ka tarar mita tana can bakin titi, wayar ta ratso ta kan rufin mutane da bishiyoyi tsawon tafiya mai nisa kafin ta iso, wutar ta iso a raunane ta riƙa ƙona firji. Wani gidan ma ba shi da mitar kansa, daga maƙwabci ake jawowa ana biyansa a wata. A tambaya: mitar EDAN ɗin nan da sunan wa take, kuma ta ruwa akwai bashin SEEG a kanta? Mai famfo kuma ya buɗe kowane famfo, ya zuba ruwa a kowace masai ya ga yadda yake wucewa, ya nemi inda ramin masai yake da ranar da aka kwashe shi na ƙarshe, ya ga ko motar kwasa za ta iya isowa. In akwai rijiya a gidan, a auna nisanta da ramin, kuma a ga wanne ne a sama wanne ne a gangare. Tankin ruwa babba da injin turawa a tsakar gida suna ba ka labarin da mai gida ba zai ba ka ba: ruwan famfo ba ya zuwa kullum a wannan layi.

Kada a bar uwargida a gida ranar wannan bincike. Mun sha ganin maigida ya je shi kaɗai ya ga falo mai faɗi ya yaba, sai bayan an tare a gane madafa ba ta da tagar fitar hayaƙi, wurin shanya babu, kuma benen maƙwabci yana kallon tsakar gida gaba ɗaya, ta yadda mace ba za ta iya fitowa ba sai da mayafi a cikin gidanta. Ita za ta yini a wurin, ita ta san abin da za ta duba. A kuma lura da alƙibla tun da wuri. Mu da muka saba cewa gabas, a Libreville alƙibla tana arewa maso gabas ne, kuma gidan da wanda ba Musulmi ba ya gina ba a yi la'akari da ita wajen dasa masai ba. Malamai sun yi sauƙi a kan abin da ke cikin gini, amma wanda zuciyarsa ba za ta natsu ba gara ya san kuɗin juyawa kafin a yi ciniki.

Wannan duka yini guda ne. Abin da yini guda ba zai nuna maka ba shi ne ruwa, kuma a garin nan ruwa shi ne babban alƙali. Libreville tudu da kwari ce, rafuka sun ratsa ta ko'ina suna gangarawa teku, kuma mutane sun yi gini har cikin hanyar ruwan. Kwarin Nzeng-Ayong, da na Gué-Gué, da na Batavéa, da na Terre-Nouvelle, duk wanda ya yi damina biyu a nan ya ga yadda suke cika cikin awa guda. A wajejen Okala da Angondjé kuma akwai filayen da asalinsu fadamar bakin teku ce aka cike da jar ƙasa, gida ya yi kyau a ido, ƙasa kuwa tana ci gaba da zama a ƙarƙashinsa shekara da shekaru. Masu sayar da irin waɗannan gidaje sun san lokacin kasuwarsu: daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da sama ke rufe da gajimare amma ba a ruwa, ƙasa ta bushe, kwata ta ƙafe, kowane gida ya zama na kirki. Ruwa yana dawowa a Oktoba, ya yi ƙarfi a Nuwamba, ya ɗan sassauta wajen ƙarshen Disamba da Janairu, ya sake tasowa a Maris da Afrilu.

Shawararmu ita ce mutum ya ga gidan a ƙarƙashin ruwan sama mai ƙarfi aƙalla sau ɗaya kafin ya biya. Ranar da hadari ya haɗu, ka rufe shago ka ɗauki lema ka tafi, ka tsaya ka ga ta ina ruwan tudu ke gangarowa, ina yake taruwa, minti nawa yake yi kafin ya janye, kuma hanyar shiga tana biyuwa ko sai an naɗe wando. In cinikin ya faɗo a tsakiyar rani, ko dai ka ja shi zuwa Oktoba, ko ka dogara da shaidu. Mafi gaskiyar shaidu su ne mai ƙaramin shagon unguwa, da matan da suka daɗe suna haya a layin, da yara. Ka tambayi yaro inda ruwa ya kai bara, zai nuna maka a jikinsa. Ka duba kuma ko maƙwabta sun ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu ko uku; ba don ado suka yi ba.

Wanda ya guje wa kwari ya hau tudu, shi ma da nasa. A watan Oktoba na 2022 ƙasa ta zaftare a PK8 bayan ruwan dare, ta binne mutum bakwai 'yan gida ɗaya. Allah ya kiyashe mu. Gidan da aka yanka gefen tudu aka dasa shi, a tsaya a dubi abin da ke samansa: akwai katangar kankare mai riƙe ƙasa, mai ramukan fitar ruwa, ko kuwa jar ƙasa ce tsirara a tsaye kamar an yanka da wuƙa? Bishiya ko sandar lantarki da ta karkata zuwa gangare alama ce ƙasar tana tafiya a hankali. Irin wannan gida ko kyauta aka ba ka, ka yi tunani kafin ka kwantar da 'ya'yanka a ɗakin da ke jingine da tudun.

Sauran kwanakin mako biyun na maƙwabta ne da hanya. Larabawa suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida, kuma mun ga malamai sun sa shi cikin dalilan wata guda. Ka je da daren Asabar ka ji ko akwai mashaya ko wurin kiɗa da ke kaiwa asuba. Ka je da sassafe ranar aiki ka auna lokacin da za ka ɗauka zuwa kasuwa da wanda yara za su ɗauka zuwa makaranta, domin wanda ke fitowa daga Akanda ko daga PK12 da ƙarfe bakwai ya san nisa a garin nan da cunkoson motoci ake auna shi. Ka nemi masallaci mafi kusa ka yi sallar magariba a can, ka gaisa da liman, ka ambaci gidan; abin da za ka ji a cikin minti goma zai iya fin abin da magini ya gano a yini. Sannan ka dubi hanyar da ke shiga gidan. Gidaje da yawa ana isa gare su ne ta siririn lungu ko ta kan gadar katako, wani lokaci ta cikin filin wani, wanda gobe zai iya tashi ya ja katanga. Mu da muka taso a gidan da ake kiran mahaifinmu ga haihuwa da rasuwa, tambayar da muke yi ita ce: in mace ta fara naƙuda da tsakar dare, mota za ta iso ƙofa? In an yi rasuwa, makara za ta fita ba tare da an karkata ta ba?

Yanzu sai takardu, inda mafi yawan dukiyar mutanenmu ke salwanta. A dokar Gabon, ƙasar da ba a yi wa rajista da sunan kowa ba ta gwamnati ce, kuma takardar da ke tabbatar da mallaka tabbatacciya ita ce titre foncier. Takardar sayarwa da aka rubuta a gaban mai unguwa, ko da an kai ta ma'aikatar magajin gari an buga mata hatimi, hatimin yana shaida ne cewa wane ne ya sa hannu, ba ya shaida cewa filin nasa ne. Da irin wannan takarda ake sayar da fili ɗaya ga mutum uku. Tun 2011 aka kafa hukumar ANUTTC mai kula da tsara birane da awon filaye, a 2012 kuma aka sabunta dokar mallakar ƙasa, aka sa burin a riƙa fitar da titre cikin kwana 180. Wanda zai sayi gidan da ba shi da titre da niyyar ya nema daga baya, ya ɗauki wannan adadi a matsayin mafi ƙaranci, ya kuma sani cewa a duk tsawon lokacin jiran bango da kwano kawai ya mallaka.

In mai gida ya ce yana da titre, ka karɓi hotonta ka kai wa notaire da kai ka zaɓa. Shi zai nemi bayani daga ofishin ajiyar rajistar filaye, wato Conservation foncière, ya tabbatar lambar gaskiya ce, sunan da ke kanta shi ne na mai sayarwa, kuma ba a jinginar da gidan ga banki ba, babu wata ƙara da aka rubuta a kansa. Ka ɗauki mai awon ƙasa, géomètre, ya zo da taswirar filin ya nemo duwatsun iyaka, domin yakan faru titre na gaskiya ne amma na filin da ke gefe, ko kuma ɗaki guda na gidan ya shiga cikin na maƙwabci ko cikin hanyar gwamnati. A tambaya kuma ko unguwar tana cikin wuraren da hukuma ta ware don wani aiki. Waɗanda suka ga rusau na Plaine-Orety da bayan Majalisar Dokoki a watan Yuni na 2025 sun ga gidajen bulo masu kyau sun zama tarin ƙasa cikin kwanaki kaɗan, kuma ranar da ake maganar diyya takarda ake fara tambaya. Waɗannan bincike ba sa ƙarewa a mako guda. Ka ba su mako uku zuwa shida, ka riƙa bibiya da ƙafarka.

Akwai tambayar da ta riga duk waɗannan ga wani sashe na masu karatunmu. Cikinmu akwai 'yan ƙasa, jikokin Hausawan da suka zauna Oyem da Bitam da Minvoul tun zamanin kakanni, akwai kuma waɗanda suka zo daga Nijar da Najeriya da Kamaru suna zaune da katin zama. Babban taron ƙasa da aka yi a Angondjé a watan Afrilu na 2024 ya ba da shawarar a hana sayar wa baƙi ƙasa, kuma tun daga lokacin maganar ta yi tsauri. Saboda haka wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa, ya fara zuwa wurin notaire da takardunsa ya ji abin da doka ta ba shi damar mallaka da sunansa, tun kafin ya biya dillali kuɗin ganin gida. Dabarar da wasu ke yi ta rubuta gida da sunan aboki ɗan ƙasa, ba mu ba kowa shawararta. Abokin yana iya zama mai amana har ya koma ga Allah, amma magadansa abin da ke rubuce za su bi, kuma kotu ma haka.

Gidan gado kuwa sai an ninka haƙuri. Sau da yawa wanda ke nuna maka gidan ɗaya ne daga cikin magada goma, sauran suna Port-Gentil ko Franceville ko Faransa, ba su ma san ana ciniki ba. A nemi takardar taron magada wadda kotu ta tabbatar, da sunan wanda aka wakilta, da yardar sauran a rubuce cewa a sayar. In mai sayarwa yana da aure, a ji ko tsarin aurensu na tarayyar dukiya ne, domin in haka ne sai matar ta sa hannu. In kuma gadon na Musulmi ne, a tuna da hakkin shuf'a: abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da ikon karɓar rabon da aka sayar wa bare ya mayar masa da kuɗinsa. Balle in akwai marayu ƙanana a cikin magadan. Wannan ya wuce maganar asarar kuɗi, ya zama maganar abin da mutum zai ciyar da iyalinsa a ƙarƙashinsa.

Ga 'yan'uwanmu masu sayarwa da dillalai kuma, domin su ma suna karanta wannan shafi: hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Danshin da aka rufe da fenti ɗan'uwan wancan danshin ne. Wanda ya san ruwa na shiga gidansa wajibi ne ya faɗa, ya rage kuɗi gwargwadon haka, kuma zai sami mai saye, domin akwai masu ƙarfin gyara.

Abin da mai tambayarmu zai yi kafin Litinin shi ne ya gaya wa mai gidan yana so, kuma a shirye yake su je wurin notaire a rubuta alkawarin sayarwa, promesse de vente, mai wa'adin kwana 30 zuwa 45, a ambaci sharuɗɗan a fili: titre ya tabbata da sunan mai sayarwa, babu jingina, iyaka ta dace da taswira, magini bai sami aibin da ke barazana ga ginin ba. In ana son ya nuna da gaske yake, ya ajiye wani abu a hannun notaire, a rubuta cewa za a mayar masa in ɗaya daga sharuɗɗan ya faɗi; kada ko dala ta shiga hannun dillali ko mai gida a kan gidan. Ya tafi da shaidu biyu daga cikin jama'a, kamar yadda doguwar ayar bashi ta ƙarshen Suratul Baƙara ta koyar da mu rubutawa da kafa shaida. Mai gidan da takardunsa ke da tsabta ba ya ƙin wannan, domin shi ma kariya ce gare shi. In ya ƙi, ya ce shi dai tsabar kuɗi a hannu kafin Litinin, to a bar wa mutum ukun da ke layi.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yarjejeniyar haya: kuɗin ajiya na wata nawa mai gida ke da ikon nema, da wanda gyaran rufi ke kansa in ya fara yoyo. Masu tambaya su miƙa wasiƙunsu ga sakataren ƙungiya bayan sallar Juma'a.